Zanen Baƙo a Labaran Zane na Intanet: Wane Bashi Yake Biya?

1.0 Gabatarwa

Labarin zane, wato labarin da ake bayarwa ta hanyar jera hotunan da aka zana tare da 'yan maganganu a cikinsu, ya daɗe yana fitowa a jaridun Turai da Amurka. Daga tsakiyar shekarun 1990 sai masu zane da dama suka shiga sakin ayyukansu kai tsaye a intanet, ba tare da sun bi ta hannun edita ko kamfanin ɗab'i ba. Wannan 'yanci ya zo da nasa nauyin. Sau da yawa mutum ɗaya ne marubuci, shi ne mai zane, shi ne kuma mai ɗab'i. Ranar da ya kwanta ciwo, aikin ma ya kwanta ke nan. Daga cikin dabarun toshe irin wannan giɓi akwai abin da za mu kira zanen baƙo, wato mai aikin ya gayyaci wani mai zane ya riƙe masa fitowa ɗaya ko ta mako guda. Wannan maƙala za ta auna dabarar ne ta fuskar mai karatu. Ra'ayinmu shi ne, bashi iri biyu ne a kan mai zane, na lokaci da na labari, kuma na farkon kaɗai baƙo ke iya biya.

2.0 Alkawarin Ranar Fitowa

Hausawa na cewa alkawari kaya ne. Da zarar mai zane ya sanar cewa aikinsa zai riƙa fitowa ran Litinin da Laraba da Juma'a, ya ɗaura wa kansa wannan kaya, ko da kuwa mai karatu bai biya ko kwabo ba. A zamanin jarida akwai abin jingina. Lokacin da Bill Watterson, mai Calvin and Hobbes, ya ɗauki dogon hutu daga watan Mayu na 1991 zuwa Fabrairu na 1992, sannan ya sake ɗaukar wani a 1994, jaridu sun maimaita tsofaffin zane-zanensa, gurbinsa bai zauna fayau ba. Mai zanen intanet ba shi da wannan gata, domin duk tsofaffin ayyukansa suna nan a jere, kowa na iya komawa gare su a duk sa'ad da ya so. Maimaici ba zai zama sabon abu ga kowa ba.

Akwai waɗanda suka magance matsalar tun daga tushe. Howard Tayler ya fitar da Schlock Mercenary kullum daga 12 ga Yuni 2000 har zuwa Yuli 2020, shekara ashirin, bai tsallake rana ɗaya ba. Dabararsa irin ta manomi ce mai rumbu: yakan zana aiki da yawa ya ajiye kafin ranar fitowarsa. Sai dai ba kowa ne damina ke yi wa kyau haka ba.

3.0 Baƙo a Gidan Barkwanci

Misalin da ya fi nuna amfanin zanen baƙo shi ne na xkcd, wanda Randall Munroe ya fara a 2005. Mutanen cikinsa siffar tsinke gare su, kai da'ira, jiki layi, barkwancinsa kuwa ya fi karkata ga lissafi da kimiyya da kwamfuta. A watan Nuwamba na 2010 Munroe ya sanar cewa rashin lafiya mai tsanani ta shiga cikin iyalinsa, kuma a shekarar da ta biyo ya bayyana cewa wadda zai aura ce ta kamu da ciwon daji na mama. Da farko ya cike mako guda da wasu zane-zanen gaggawa da ya taɓa yi cikin wasa. A makon da ya biyo sai baƙi biyar suka karɓi aikin: Jeph Jacques, David Troupes, Bill Amend, Jeffrey Rowland da Zach Weiner. Masu karatun da suka saba samun fitowa uku a mako, a wannan makon biyar suka samu.

Me ya sa wannan ya karɓu? Dalili na farko yana cikin zubin xkcd kansa. Kowace fitowa cin gashin kanta take yi, ba a bar wani tauraro a bakin rijiya ran Laraba ba, balle a zaƙu a ga ko ya faɗa ran Juma'a. Abin da mai karatu ke zuwa nema shi ne dariya ko ɗan abin tunani na rana ɗaya, wannan kuwa ko daga hannun wa ya fito ya biya bukata.

Dalili na biyu shi ya fi jan hankalin manazarci. Baƙo ba zai iya zana aikin wani ba sai ya fara yanke hukunci a kan mene ne ainihin wannan aiki, abin da za a cire ya rushe da abin da za a cire ya tsaya. Ke nan zanen baƙo wani nau'in tarke ne da aka yi da alƙalamin zane. Weiner, alal misali, ya zana wani katafaren gidan tarihi na ƙarairayin da iyaye maza ke shara wa 'ya'yansu game da kimiyya. Da wannan ya nuna cewa a ganinsa ruhin xkcd shi ne wasa da ilimi da kuma son cusa ƙananan bayanai a kowane lungu, ba siffar tsinke kawai ba. Amend kuwa daga jarida ya fito, inda FoxTrot ɗinsa ke fitowa tun 1988, kuma shi ma kimiyyar lissafin halittu, wato fizik, ya karanta kamar mai masaukinsa. Zuwansa kaɗai sheda ce cewa tsofaffin hannu na jarida sun yarda da na intanet a matsayin abokan sana'a. Mai karatu ya tashi da riba biyu: ya ga gidan da ya saba da idon wani, ya kuma san hanyar gidajen baƙin. Wannan ta ƙarshe ita ce galibi ladan baƙo, musamman idan shi ƙarami ne mai masaukin kuma babba.

4.0 Baƙo a Gidan Dogon Labari

Al'amarin ya sha bamban idan aikin dogon labari ne mai ci gaba. Fred Gallagher da Rodney Caston sun fara Megatokyo a watan Agusta na 2000, labarin wasu samari biyu 'yan Amurka, Piro da Largo, da suka maƙale a Tokyo ba kuɗin komawa gida. Bayan rabuwar abokan aikin a 2002, Gallagher ya ƙara karkata labarin ga soyayya da sarƙaƙiyar zukata, zanen ya ƙara cin lokaci, jinkiri kuma ya zama abin da aka san aikin da shi. Ranar da shafi bai kammalu ba, yakan saka hoto guda na wani tauraro, a kira ranar da sunan mutuwar Piro, wanda laƙabin Gallagher ne kuma sunan tauraron. Wani lokaci kuma abokinsa Dominic Nguyen ya shigo da mutanen tsinke da aka zana da gangan ba kyau.

Ba za a musa cewa akwai hikima a nan ba. Mai zane ya riga mai karatu yi wa kansa dariya, ya mayar da gazawarsa abin raha, ya kuma nuna cewa yana raye bai gudu ba. Da babu gara ba daɗi. Amma wanda ya zo ya ji amsar da yarinya za ta ba Piro, hoto komai kyansa bai ba shi amsar ba. An biya shi bashin rana, bashin labari yana nan, har ma ya ƙaru, domin an tuna masa da abin da yake jira. Baƙo kuma ba shi da ikon taɓa zaren labarin: ba zai aurar ba, ba zai kashe ba, ba zai tona asiri ba. Iyakarsa ya yi wasa a ƙofar gida. Saboda haka, a ganinmu, yawan zanen baƙo a irin wannan aiki yakan koma tamkar mai bashi da ke aiko da gaisuwa duk mako maimakon kuɗi. Rich Burlew, mai The Order of the Stick, ya ji mummunan rauni a babban yatsan hannunsa a watan Satumba na 2012, labarin ya tsaya na wasu watanni, aka faɗa wa masu karatu dalili. Ga dogon labari, faɗin gaskiyar abin da ya faru ya fi tarin baƙi kwantar da hankali.

4.1 Mai Karatu na Biyu

Akwai kuma wani mai karatu da ba a cika tunawa da shi ba, wato wanda zai zo bayan shekaru ya karanta aikin daga farko a zama biyu ko uku. Shi bai jira kowa ba, jinkirin wata uku a wurinsa ƙiftawar ido ce. Abin da zai tarar shi ne, ana tsakiyar rikici sai fuskokin taurari su sauya, murya ta sauya, a yi wani barkwanci game da uzurin da ya wuce tuntuni. Abin da ya zama ruwan sanyi ga mai jira ya zame wa wannan tsakuwa a cikin shinkafa. Ana cewa baƙo raɓa ne, amma a ma'ajiyar intanet raɓar ba ta bushewa sai mai gida ya share ta da hannunsa. Shi ya sa idan aka zo buga irin waɗannan labarai a littafi, galibi akan tsame zanen baƙi daga cikin jerin, ko dai a tura su ƙarshen littafin ko a bar su gaba ɗaya, musamman da yake haƙƙin mallakarsu ba na mai gida ba ne shi kaɗai.