Ightham Mote, gidan da ruwa ya yi wa zobe

Duk wanda Allah ya kai Ingila kuma yana son tsofaffin gidaje, ya nufi Kent ya ga Ightham Mote. Wallahi ba zai yi da-na-sani ba! A farkon ƙarni na 14 aka fara gina shi, can ƙasan wani kwari mai itatuwa, ruwa ya kewaye shi ta kowace kusurwa. Bangon dutse yana fitowa kai tsaye daga cikin ruwan, a samansa ginin katako ya ɗan leƙo, kuma sai ta gada ake shiga tsakar gidan.

Irin waɗannan wurare sun kai kusan 6,000 a Ingila, yawancinsu an haƙa su ne tsakanin 1250 da 1350. Galibi yau ba abin da ya rage sai rami mai kusurwa huɗu a tsakiyar makiyaya. Nan kuwa ga gidan tsaye, ga ruwan yana gudana, abin sai wanda ya gani.

Abin da ya fi burge ni shi ne hikimar ruwan. Ba don yaƙi aka yi shi ba. Gidan da ke ƙasan kwari ina zai iya da runduna? Ruwan alamar arziki ne, yana kuma hana ɓarawo sakat. Maɓuɓɓugai ke ciyar da shi, ya ratsa ya zuba a wani tafki da ke kudu da gidan. Filin ciyawar da ke arewa da gidan a da tafkin kiwon kifi ne, kamar kududdufin bayan gida, sai dai wannan da gangan aka tsara shi. A wancan zamani Coci ta hana cin nama ranar Juma'a da kwanakin azumi, don haka ɗanyen kifi a ƙofar gida babban gata ne, har kyautarsa ake aika wa manya.

Allah ya sa gidan ya samu masoya. Wani Ba'amurke, Charles Henry Robinson, ya saye shi a 1953, ya bar wa ƙungiyar adana kayan tarihi ta National Trust a 1985. Daga 1989 zuwa 2004 aka yi ta gyara, ana kwance katako ɗaya bayan ɗaya ana mayarwa mazauninsa. Ku ware masa yini guda, ku fara zagaya ruwan ta waje kafin ku haye gada.