Jinjina ga Masu Saƙar Ulu a Dalijan

Duk wanda ya san bazarar ƙasar Gwandu, inda zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu, yana iya yin mamakin ganin matan Dalijan zaune a tsakar gida bayan La'asar, ulu a cinya, kwarashi a hannu, suna saƙa hula da safa da rigar sanyi. Alhali kuwa hikimarsu a fili take, domin sun san hunturu yana tafe, kuma idan iskar Disamba da Janairu ta taso da ƙurarta, jariri da tsoho su ne farkon masu shan wuya.

Haƙiƙa wannan aiki ba baƙo ba ne a hannunsu, tun da kakanninsu sun kaɗa auduga da mazari, masaƙa suka mai da zaren tufafi. Sai dai yau ana sayo zaren a kasuwa, launi-launi. Falalar aikin kuwa tana cikin haƙurin da yake koyarwa, domin kowane zagaye sai an ƙidaya shi, kuma kuskure ɗaya yakan sa a warware aikin yini guda ba tare da gunaguni ba. Mace takan yi makonni tana saƙa shawul, don nishaɗi da gudun zaman banza, sa'an nan ta kai wa mai jego ranar suna, ta haɗa sada zumunci da ihsani ga jinjirin da bai san ta ba.

Allah Ya albarkaci hannuwansu, Ya sa 'ya'yansu su gaji wannan hikima.