Bintu Sudan, Sarauniyar Turaruka

Jama'a, ku ba ni wuri in yi yabon gwani, domin yabon gwani ya zama dole! A cikin duk turarukan da ƴan kasuwa ke kawo mana nan garinmu Gabi daga Maraɗi da Jibiya, babu wanda ya kama ƙafar Bint el Sudan, wanda iyayenmu ke kira Bintu Sudan. Ƴar kwalba ce mai cin mililita 12, ba ta fi tsawon yatsa ba, amma abin da ke cikinta ya fi ƙarfin manyan kwalabe masu feshi.

Da ka buɗe murfin, ƙamshin fure ne zai fara yi maka maraba, yasmin a gaba, sauran fararen furanni na biye. Ƙamshi ne mai tsabta, mai sanyi, wanda ke sa ka ji kamar yanzu ka fito daga wanka. In ya ɗan jima a jiki sai furen ya lafa, wani ƙamshin itace mai laushi ya taso daga ƙasa, haɗe da miski da ambar. Nan ne yake kashe ni! Yana tuna mini da iskar dajin Baban Rafi bayan ruwan farko, lokacin da ƙura ta kwanta, itatuwa suka jiƙa. Ba ya hawa kai, ba ya shaƙe maƙwabci a sahun salla. Wanda ya matso kusa ne zai ji shi, kuma wallahi sai ya tambaya.

Wasu ƴan mata na cewa turaren tsofaffi ne, wai ya cika ƙarfi. Haba ƙannena! Ai yawan zubawa ne ke ɓata shi. Mai ne tsantsa, babu barasa a ciki, don haka ɗigo ɗaya ya isa. Ki taɓa a wuyan hannu, ki murza, ki shafa bayan kunne da gefen gyale, shi ke nan. A zafin bazara na ƙasar Maraɗi, inda turaren feshi ke tashi kafin ka isa bakin kasuwa, Bintu na nan daram daga hantsi har magariba. Da hunturu kuwa, fata ta bushe, man nan yana kama jiki, ƙamshin itacen ya ƙara zaƙi. Rashin barasar nan ne ya sa malamai da dattawa ke shafa shi ranar Juma'a da Idi hankali kwance.

Ga tarihi kuma abin alfahari. Wani Bature ɗan Ingila, Eric Burgess, wakilin kamfanin W.J. Bush na Landan, shi ne ya zauna da manyan mutane a Khartum, suka nuna masa irin ƙamshin da suke so. Ya koma da samfuri, aka haɗa turaren, ya fito kasuwa a 1920. Fatake da alhazai masu bin hanyar ƙasa zuwa Makka ta Sudan su suka yaɗa shi har ƙasar Hausa. Yau a Kano kamfanin Gongoni ke ɗura shi, miliyoyin kwalabe kowace shekara, daga can ya biyo ta Katsina ya tsallako mana iyaka. Turawa na yi masa kirari da Chanel No. 5 na Afirka, alhali Bintu ce yaya, domin turaren nan na Faransa sai a 1921 ya fito. Turare ya haura shekara ɗari bai sauka daga karaga ba, me ya rage a faɗa?

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya shiga rayuwarmu tun daga farko har ƙarshe. Yana cikin lefen amarya. Mai jego tana shafa shi ranar suna. Masu haɗa humra da turaren wuta sun san darajarsa, don in aka ɗiga shi a kan itacen turare aka ɗora a kasko, ɗaki kan kwana yana ƙamshi. Har ranar da bawa ya koma ga Mahaliccinsa, da shi ake turara likkafani a gidaje da yawa. Wane turare ne kuma ya samu wannan amana a wurin Bahaushe? Ga shi ba ya wariya, miji ya shafa, mata ta shafa, talaka ya saya, mai hali ya saya.

Shawarata ɗaya ce: abu mai farin jini ba ya rasa masu kwaikwayo, don haka ku saya a wurin mai turaren da kuka amince da shi, ku duba murfi a rufe yake gam. Ku ajiye kwalbar a inuwa, cikin akwatin tufafi, kada rana ta dafa man. Amarya mai shirin shiga ɗaki, saurayi mai zuwa zance, Hajiya mai zuwa biki, ku nemi Bintu Sudan tun kafin Salla ta matso ƴan kasuwa su ƙarar. Ni dai na ba ta maki goma cikin goma, da akwai sha ɗaya ma da na ƙara mata!