Ɗabi'u Huɗu ko Biyar: Sharhi a kan Rabon "Gabas" da "Yamma" a Littattafan Duwatsun Warkarwa

Gabatarwa

Tun daga shekarun 1980 aka yi ta buga littattafai a Amurka da Ingila waɗanda ke da'awar cewa duwatsu masu ƙyalli suna ɗauke da wani ƙarfi mai warkarwa. Marubutansu sukan raba hikimar duniya gida biyu. Ɗabi'u huɗu, watau wuta da iska da ruwa da ƙasa, su ce na Yamma ne. Biyar na Sin da Indiya kuwa su ce na Gabas ne. Manufarmu a wannan takarda ita ce mu auna wannan rabo da abin da ake karantawa a zaurukan malamai na Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura.

Huɗun da Aka Ce na Yamma Ne

Asalin tsarin huɗu daga Yunanawa ne. Aristo ya haɗa kowace ɗabi'a da siffa biyu: wuta zafi da bushewa, iska zafi da danshi, ruwa sanyi da danshi, ƙasa sanyi da bushewa. Ta hannun Jalinusu da Ibn Sina ra'ayin ya shiga littattafan tibbu na Larabci, daga nan ya tsallako Sahara. Malamin hisabi yakan kasa haruffan abajada 28 kashi huɗu, bakwai-bakwai, ya ba kowane kashi ɗabi'arsa, ya kuma lissafa sunan mutum da na mahaifiyarsa domin ya gano burujinsa. Mai bugun ƙasa yana da gidaje 16, kowanne da layi huɗu, daga na wuta a sama har zuwa na ƙasa. Ba yau muka fara wannan ilmi ba. Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya wallafa al-Durr al-Manzum a kan taurari da ɗalasimai, kuma Shamsul Ma'arif da ake danganawa ga al-Buni sananne ne a ƙasar Hausa. To, ina za a ajiye malamin Roni a wannan rabo? Littattafan da ke gabansa daga gabas suka zo masa, amma a lissafin marubutan nan mutumin Yamma ne.

Biyar ɗin Ma Ba Ɗaya Ba Ne

Biyar na Indiya huɗun nan ne aka ƙara musu sarari. Na Sin kuwa itace ne da wuta da ƙasa da ƙarfe da ruwa, babu iska a ciki. Kalmar da Sinawa ke kiran su da ita tana nufin tafiya ko juyi, domin matakan sauyi suke bayyanawa. Itace na ciyar da wuta, wuta ta bar toka ta koma ƙasa, ƙasa ta haifi ƙarfe, ƙarfe ya tara ruwa, ruwa ya rayar da itace. Akwai kuma zagayen rinjaye, inda ruwa ke kashe wuta, wuta ta narkar da ƙarfe, ƙarfe ya sare itace. Saboda haka Basine yana tambayar wane ne ke bin wane, shi kuwa malamin hisabi tambayarsa ita ce da me aka gina abu, zafi ne ko sanyi. Wanda ya jera su a jadawali guda, ya ce wutar wannan ita ce wutar wancan, kamar wanda ya auna hatsi da kamu ne.

Mai fassara zuwa Hausa yana da wani tarkon kuma. Idan ya fassara ƙarfin rai na Sinawa da "iska", mai karatu a Gwiwa zai iya fahimtar iskokin bori, alhali kuwa abu uku ne daban-daban.

Matsayin Dutse

Bahaushe ya san dutse mai daraja. Akwai tsakiya da mata ke ratayawa, akwai zoben azurfa mai dutsen aƙiƙ da alhazai ke kawowa tsaraba. Amma ɗora launukan bakan gizo bakwai a kan gaɓoɓin jiki, kowanne da dutsensa, aikin Turawan ƙarni na 20 ne, ba ya cikin tsoffin littattafan Indiya. Farin dutsen da suka fi kambamawa, wanda suke kira quartz, danginsa na nan a tsaunukan Kazaure. Gaskiya ne cewa yana fitar da ɗan lantarki in an matsa shi, kamar yadda 'yan'uwan nan Curie suka gano a 1880, shi ya sa ake saka shi a agogo. Wannan bai zama hujjar warkarwa ba. A 2001 Farfesa Christopher French na Landan ya raba wa mutane duwatsun gaske da na jabu, sai aka tarar abin da ɓangarorin biyu suka ce sun ji a jikinsu bai bambanta ba.

Kammalawa

Muna ganin rabon Gabas da Yamma bai dace da nazarin al'adunmu ba, domin ya shafe tsawon ƙarnonin da Musulmi suka yi suna riƙe da wannan ilmi. Ɗalibin da ya ɗauke shi ba tare da bincike ba zai ɗauki gadon zauren garinsu a matsayin baƙon abu. Muna kira ga sassan Hausa da na Larabci su haɗa kai su tattara rubuce-rubucen hisabi da tibbu da ke hannun iyalan malamai a wannan yanki, a yi nazarinsu bisa ma'aunin da masu su suka yi amfani da shi. Marar lafiyar da aka tallata wa dutse kuwa, asibiti ya kamata ya fara nufa.