Hannun Mawallafi da Hannun Mai Juya Littafi: Ishiriniya a Birnin Katsina

Al'ada ce ta makarantun ilmi a ce littafi kaza na malam wane ne, ba tare da an tambayi hannu nawa ya ratsa kafin ya iso ba. Ishiriniya, wadda a ke rerawa a zaurukan Katsina musamman a watan Mauludi, ta isa misali a kan wannan.

Asalinta waƙoƙin yabon Annabi ne na Abu Zaidu Alfazazi, mutumin Andalus, wanda ya rasu a Marrakesh cikin 1230. Ya tsara waƙa 29 bisa jerin haruffan Larabci, kowace da baiti 20, watau baiti 580, kowane baiti kuwa ɗango biyu ne. Daga baya Ibn Mahibu ya yi mata tahamisi, ya ɗora ɗango uku a gaban kowane baiti. Ashe ke nan kashi uku cikin biyar na abin da a ke rerawa da sunan Alfazazi ba daga alƙalaminsa ya fito ba. Sa'an nan a ƙarni na 17 Wali Ɗan Masani na Katsina, wanda aka haifa cikin 1595 ya rasu cikin 1667, ya yi mata sharhi mai suna Annafhatul Anbariyya, ya warware kalmominta masu wuya. Bayansa kuma sai masu juya littafi da ɗalibai, waɗanda su kan cusa hashiya a gefen takarda, da fassarar ajami a tsakanin layuka.

Irin wannan hawa a kan hawa ba ga Musulmi kaɗai ya tsaya ba. Littafin Annabi Irmiya na Yahudawa ya ba da labarin kansa a sura ta 36: wajen shekara ta 605 kafin Miladiyya, Irmiya ya yi shifta, magatakardansa Baruk ya rubuta. Da aka karanta wa Sarki Yehoyakim, sai ya yanyanka takardar ya jefa a wuta. Aka sake rubutawa, aka kuma ƙara maganganu da yawa a kai. Littafin ya iso ga mutanen baya iri biyu. Tsohuwar fassarar Girkanci ta gaza matanin Ibrananci da wajen kashi ɗaya cikin takwas, jerin surorinsu kuma ya sha bamban. An daɗe ana zargin mai fassara da yanke, har aka sami guntayen Ibrananci a kogo na huɗu na Kumran, wanda aka gano cikin 1952, waɗansu sun dace da gajeren, waɗansu da dogon. Wannan ya nuna dukansu biyu sun yi zamani tare a hannun marubuta.

Amma fa akwai bambanci babba. A littafin Irmiya ƙarin ya narke cikin asali, sai da gwada kofe da kofe a ke gane shi. A Ishiriniya kuwa kowane hawa yana da sunan mai shi, tsarin waƙar ma da kansa yana tsare iyaka, domin wanda ya san ƙa'idar tahamisi ya san ɗango biyun ƙarshe na Alfazazi ne. Inda haɗari ya ke shi ne wajen hashiya. Idan takarda ta tsufa aka ba wani ya juya, ya kan ɗauki bayanin gefe a kan gyaran abin da aka tsallake, ya shigar da shi cikin sharhi. Daga nan maganar ɗalibi ta zama ta Wali, ba mai sake rabewa.

Wannan ya shafi abin da a ke koyarwa a aji. Ana jingina wa Ɗan Masani Waƙar Yaƙin Badar ta Hausa, a kan haka kuma waɗansu su ke kafa cewa rubutacciyar waƙar Hausa ta fara tun ƙarni na 17. Mervyn Hiskett, a littafinsa na 1975 kan tarihin waƙar addini ta Hausa, ya kai farkonta wajen ƙarshen ƙarni na 18. Tazarar ta fi shekara ɗari, sunan Wali a bakin jama'a kuwa ba ya raba wannan gardama, gama mutane su kan jingina abu mai kyau ga wanda su ke girmamawa.

Saboda haka abin da ya wajaba shi ne a tara kofen sharhin Ɗan Masani da ke gidajen malamai na Katsina da ɗakunan ajiya, a duba ƙarshen kowane inda mai juyi ya kan sa sunansa, wani lokaci da shekara, a gwada su layi layi. Abin da ya zo a dukansu ya fi kusa da asali, abin da ya zo a reshe ɗaya a ware shi. Malamin kwaleji kuwa, in ya zo kan Waƙar Yaƙin Badar, ya kamata ya gaya wa ɗalibansa jingina ta aka yi, ya kuma nuna musu hujjar kowane ɓangare.