4.2 Jigon Tsira da Warkewa a Littafin A Court of Mist and Fury

A wannan sashe za a yi ƙoƙarin gano abin da ke jan hankalin masu karatu, musamman mata, zuwa ga ƙagaggun labaran soyayya waɗanda ake ginawa a duniyar al'ajabi, wato duniyar aljanu da tsafi da sarautun da babu su a zahiri. Za a yi haka ne ta hanyar nazarin A Court of Mist and Fury, wanda marubuciya Ba'amurkiya Sarah J. Maas ta rubuta, kamfanin Bloomsbury ya buga a 2016. Littafin shi ne na biyu a jerin da ya fara da A Court of Thorns and Roses a 2015. Abin da ake son nunawa shi ne, armashin littafin ya fi ta'allaƙa ga yadda ya tsaya a kan halin da mutum kan shiga bayan ya tsira daga bala'i, fiye da soyayyar kanta, kuma a daidai wannan wuri ne rauninsa yake.

Domin a fahimci littafi na biyu, wajibi ne a taƙaita na farko. Tauraruwar labarin, Feyre, budurwa ce 'yar shekara 19 wadda take ciyar da mahaifinta da yayyenta mata biyu da farauta. Ta harbe wani kyarkeci wanda ashe aljani ne, saboda haka Tamlin, sarkin Masarautar Bazara, ya tafi da ita ƙasar aljanu mai suna Prythian a matsayin fansa. A can soyayya ta ƙullu tsakaninsu. Don ta kuɓutar da shi daga hannun azzalumar sarauniya Amarantha, Feyre ta shiga kurkukun Ƙarƙashin Dutse, inda aka gindaya mata jarrabawa uku. A ta ukun sai da ta soke wasu aljanu biyu da ba su ji ba ba su gani ba. Daga ƙarshe Amarantha ta kashe ta, sarakunan ƙasar su bakwai suka haɗa ƙarfinsu suka tayar da ita a jikin aljana. Da tatsuniya ce, a nan za a ce ƙurunƙus, a ɗaura aure, kowa ya watse.

Littafi na biyu ya buɗe ne wata uku bayan wannan nasara, kuma abin da mai karatu ya fara cin karo da shi shi ne Feyre durƙushe cikin dare tana amai bayan mugun mafarki. Ta rame. Ta daina zane, alhali zane shi ne abin da ta fi ƙauna tun tana gidan mahaifinta. Jan launi kuwa, ko na fenti ne ko na fure, jini yake tuna mata. Marubuciyar ta ba da labarin daga bakin Feyre, saboda haka mai karatu ba shi da wata kafar da zai tsaya daga nesa ya yi kallo. Dole ya zauna cikin wannan ƙunci na tsawon babobi masu yawa. Wannan dabara ce mai haɗari ga littafin da aka saya don nishaɗi, amma ita ce ta ba shi nauyi. Labaran jarumtaka sun saba nuna jarumi ya fito daga yaƙi ya kakkaɓe riga. A nan an nuna cewa wadda ta ceci ƙasa guda ta kasa kwana ɗaya lafiya, kuma jama'ar da ta ceta suna ta yi mata godiya ba tare da sun lura tana mutuwa a tsaye ba.

Judith Herman (1992), likitar ƙwaƙwalwa da ta yi nazarin waɗanda suka fuskanci yaƙi da fyaɗe da tsarewa, ta kasa warkewa zuwa matakai uku: samun aminci, sannan tunawa da abin da ya faru tare da yin makokinsa, sannan sake ƙulla hulɗa da jama'a. Ta kuma jaddada cewa babu warkewa sai an mayar wa wanda abin ya shafa da ikon yanke wa kansa shawara, domin wannan ikon ne aka fara ƙwace masa. Idan aka ɗora littafin a kan wannan ma'auni, za a ga inda Tamlin ya kauce. Shi ma ya fito daga Ƙarƙashin Dutse da nasa tabon, kuma tsoron kada ya sake rasa Feyre ya sa ya kewaye ta da dogarai, ya hana a koya mata sarrafa ƙarfin da ta samu, ya mayar da ita 'yar ado a fada. Ya ba ta tsaro, bai ba ta aminci ba, domin aminci a wurin wanda aka taɓa tsarewa ya haɗa da sanin cewa ƙofa a buɗe take. Ranar da ya kulle ta cikin gidan da shingen tsafi ya yi tafiyarsa, sai Feyre ta zube, duhu da wuta suka riƙa fita daga jikinta.

A wannan fage ne ake ganin amfanin duniyar al'ajabi ga irin wannan jigo. A labarin da aka gina kan rayuwar yau da kullum, matsin da miji ke yi wa mata da sunan kulawa abu ne mai wuyar nunawa, domin ba ya barin shaida. Ita kanta matar takan yi shakkar ko ita ce mai butulci. Tsafi yana mayar da wannan matsi bango da ake iya dafawa, yana mayar da firgici duhun da kowa zai gani da idonsa. Mai karatun da ta taɓa zama cikin irin wannan hali tana samun abin da ba ta samu a zahiri ba, wato hujjar da babu mai musunta ta. Masu sukar irin waɗannan littattafai kan ce gudu ne daga gaskiyar rayuwa. Tun a laccarsa ta 1939 kan tatsuniyoyin aljanu, J. R. R. Tolkien ya amsa wannan suka da cewa akwai bambanci tsakanin fursunan da ya tsere daga kurkuku da sojan da ya gudu daga fagen daga.

Wanda ya maye gurbin Tamlin shi ne Rhysand, sarkin Masarautar Dare. Abin lura shi ne ba da kalaman soyayya ya fara ba. Ya fara ne da koya wa Feyre karatu, kasancewar rashin iya karatu ya kusa halaka ta a jarrabawa ta biyu, sannan ya koya mata yadda za ta kare tunaninta daga masu kutse, har da shi kansa. Ya ba ta aiki, ya haɗa ta da abokansa a ɓoyayyen birnin Velaris, kuma a kowace gaɓa yakan nuna mata cewa zaɓi nata ne. Kukan da ta daɗe tana riƙewa ma a filin horo ya ɓarke mata, tana cikin naushi a gaban Cassian, ba a ɗakin masoyi ba. Wannan ya yi daidai da matakan Herman na biyu da na uku. Haka kuma ya dace da binciken Janice Radway (1984) a kan wasu mata masu karanta littattafan soyayya a wani gari na Amurka, inda ta gano cewa abin da suka fi nema shi ne tauraron da zai kula da tauraruwa irin kulawar da su suke yi wa mazajensu da 'ya'yansu kullum ba tare da an rama musu ba.

Sai dai kuma Radway ta lura da wani abu na daban, wanda ya shafi wannan littafi kai tsaye. Ta ce irin waɗannan labarai sukan koya wa mai karatu ta sake fassara muguntar namiji a matsayin soyayyar da ba a fahimta ba. A littafi na farko Rhysand ya murɗe wa Feyre hannunta mai rauni don ta amince da yarjejeniyar zuwa masarautarsa mako ɗaya a kowane wata, ya kuma riƙa shayar da ita giyar aljanu yana sa ta rawa a gaban fadawan Amarantha. A babi na 54 na littafi na biyu an ba shi dogon fili ya yi bayani: shi ma Amarantha ta yi kusan shekara 50 tana lalata da shi bisa tilas, kuma duk abin da ya yi wa Feyre dabarar ceton ranta ce. Babin yana da taɓa zuciya, babu shakka, kuma nuna namiji a matsayin wanda aka ci zarafinsa abin yabo ne. Amma marubuciyar ta yi son kai wajen rabon uzuri. Tamlin da Rhysand duk sun cuci Feyre da sunan kare ta. An yi wa ɗaya hukunci da aikinsa, an yi wa ɗayan da niyyarsa. Daɗin daɗawa, an bayyana cewa akwai wata igiyar ƙaddara da ta ɗaure Feyre da Rhysand tun asali, kuma ya san da ita ya ɓoye mata. Littafin da ya kwashe ɗaruruwan shafuka yana ɗaukaka zaɓi ya ƙare da cewa an riga an zaɓa mata.

Akwai kuma batun dukiya, wanda labarin bai cika tsayawa a kansa ba. Feyre ta bar gidan sarki ta faɗa gidan sarkin da ya fi shi ƙarfi da arziki. Mai nazarin adabin Hausa zai iya kwatanta wannan da Rabi ta cikin Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu (1990), wadda mijinta ya kora da 'ya'yanta, ta koma sayar da abinci don ta riƙe su. Tsirar Rabi da guminta ta saye ta, kuma babu wani birni da ke jiran ta a bayan dutse.

Wannan rauni ya ƙara fitowa fili a A Court of Silver Flames (2021), inda labarin ya koma kan Nesta, yayar Feyre, wadda baƙin cikin mutuwar mahaifinsu ya jefa cikin shaye-shaye. Maganin da Feyre da Rhysand suka yanke mata shi ne a kai ta wani gida a kan dutse wanda ba a sauka daga cikinsa sai ta matakala 10,000, ta yi horo ta kuma yi aiki a ɗakin karatu, ko ta so ko ta ƙi. A cikin littafin dai, Rhysand ya gano cewa cikin da Feyre take ɗauke da shi zai iya kashe ta wajen haihuwa, ya ɓoye mata, ya kuma sa abokansa suka ɓoye. Nesta ce ta faɗa mata gaskiya, cikin fushi, kuma a kan Nesta fushin Rhysand ya sauka.