Teburin Mai Ɗaura Ƙwaron Fatsa

A kogunan Ingila da Sikotilan da tsaunukan Amurka akwai masu fatsa da ba sa maƙala tana a ƙugiya. Kifin da suka fi nema, wato tirawut, ƙwari yake ci, waɗanda ke ƙyanƙyashewa a cikin ruwa da waɗanda ke faɗowa a kansa. Don haka sai su ɗauki ƙugiya tsirara, su naɗa mata zare da gashin tsuntsu da na dabba har ta fito kamar ƙwaro. Sana'ar tsohuwa ce. Wani marubucin Rum mai suna Aelian ya ba da labarin masuntan Masedoniya da ke ɗaura jan ulu da gashin zakara a ƙugiya tun wajen shekara ta 200 miladiyya, kuma wani littafin kamun kifi da aka buga a Ingila a 1496 ya bayyana irin ƙwari goma sha biyu, kowane da watansa.

Mutane sukan yaba ƙwaron in an gama shi. Ni teburin da aka yi shi a kai ya fi ɗaukar hankalina.

Dalilin tsarin teburin guda ne, kuma a jikin zare yake. Da an fara naɗi, zaren ba ya son sakaci: in ya saki, duk abin da aka ɗaure a baya sai ya warware. Hannu ɗaya yana riƙe da gashi a bisa ƙugiyar da tsawonta wani lokaci bai kai santimita ɗaya ba, ido kuma yana kanta. Saura hannu guda, shi ne zai miƙa ya ɗauko abin da ake so ba tare da ido ya raka shi ba. Duk wani rami da aljihu da ke teburin, saboda wannan hannun aka yi shi.

A tsakiya akwai matsi, ɗan ƙarfe mai baki biyu da ke cije ƙugiya ta gindinta. Ana saita shi daidai ƙirji don kada wuya ya ƙage. A bayansa ana kafa kwali fari ko mai ruwan toka mara zane, domin siririn gashi ya fito sarai, fitila kuma daga sama take haskowa don kada inuwar hannu ta rufe aiki. A ƙarƙashin matsin an rataye 'yar jaka mai buɗaɗɗen baki. Duk guntun zare da ɓurɓushin gashi ciki suke faɗawa, tun ba su kai ƙasa ba.

Ta ɓangaren hannun da ya fi ƙarfi akwai guntun katako da aka huda ramuka, kowane kayan aiki da nasa, yadda wanzami ya san aljihun da kowace aska take a zabira ko cikin duhu. Na kusa shi ne mariƙin zare, ƙarfe mai ƙafa biyu da ke matse ƙwaryar zare, da siririn bututu inda zaren ke fitowa. Nauyinsa ma aiki yake: in aka sake shi yana lilo a ƙasan ƙugiya, shi ke ja wa zaren ya tsaya a miƙe. Gwani ba ya ajiye guda ɗaya. Yakan jera uku ko huɗu, da baƙin zare da ruwan ƙasa da kore a zure, don zura zare a wannan bututun na cin lokaci. Yana kuma fifita mai bakin tangaran, saboda bakin ƙarfe yau da gobe yakan yi kaushi ya riƙa tsinka zare.

Almakashi biyu ne, kuma ba a haɗa musu aiki. Mai tsinin baki na gashi ne da zare kaɗai. Tsoho mai arha shi ake ba waya da duk abu mai tauri. Wanda ya yanka wayar tagulla da na farkon ya ɓata shi. Da yawa daga masu sana'ar ba sa ma ajiye mai tsinin: sukan zura yatsa a zobensa ya kwanta cikin tafin hannu, suna naɗi yana nan, lokacin yanka ya yi su juyo shi. Bayan su sai ɗan hantsaki mai kama bakin gashin zakara a kewaya shi, sai allura mai mariƙi da ake soke tsininta a soso, sai lanƙwasasshen ƙarfen ƙulli na ƙarshe. Akwai kuma ɗan bututun tagulla da ake zuba gashin barewa a ciki, a ƙwanƙwasa gindinsa a tebur, duk kawunan gashin su daidaita. Kwalbar gam, wanda ake ɗiga wa kan ƙwaro don ƙullin ya zauna, ita aka fi zurfafa wa rami. Kwalbar da aka bari a sarari, gwiwar hannu na nan tafe gare ta.

Sai a kalli yadda ake ɗaura ƙwaron da ake kira Kunnen Zomo. Kafin a taɓa zare, an jera komai bisa layin da za a buƙace shi: ƙugiya dozin a kan ɗan maganaɗisu, 'yan tsirarun gashi na wutsiya, zaren ƙyalli ruwan zinare an yanka shi gutsi-gutsi, sai tulin laushin gashin fuskar zomo. A cije ƙugiya. A fara zare daga bayan idonta a gangara zuwa lanƙwasa. A ɗaure wutsiya, a ɗaure bakin ƙyalli a bar shi yana reto. A shafa wa zare ɗan kaki, a murza gashin zomo a jikinsa da yatsa biyu, kullum ta gefe guda, a naɗa shi gaba ya zama jiki. A bi da ƙyalli a karkace, tazara daidai, ya fitar da gaɓoɓin ciki. A ƙulle, a yanke, a ɗiga gam, a bi idon ƙugiya da allura kada gam ya toshe shi. Hannu ya miƙa sau da yawa, ido bai ɗaga ba. A ƙasar Kenya, inda masana'antu ke ɗaura ƙwari ana kai su Turai da Amurka, da dozin ake lissafin aiki, kuma wannan jere tun kafin farawa shi ne sirrin saurin. Wanda ya tara kayansa tsibi guda a kwali, yana can yana tonon almakashi maƙwabcinsa ya ƙulle na uku.

Abin da ba a buƙata yanzu ba ya zama a kan tebur. Ƙugiyoyi suna akwati mai ɗakuna, an rubuta lamba a kowane, domin a nan lamba na hawa ƙugiya na ƙanƙancewa, 20 ta fi 12 ƙanƙanta nesa, kuma in 16 da 18 suka cakuɗe raba su wahala ce. Zare yana aljihun tebur, nesa da rana da ƙura.

Gashi ne dukiyar. Akwai gonaki kamar Whiting Farms a jihar Kolorado, wadda aka kafa a 1989, da ke kiwon zakaru saboda gashin wuya da na baya. Fatar da ke ɗauke da irin wannan gashi a shimfiɗe ake ajiye ta cikin leda mai zif, da kwali a bayanta, kada gashin ya tanƙware. Kusa da ita akwai jelar dawisu, da gashin agwagwa, da na zabo, wanda ɗigo-ɗigonsa ke shiga ƙwarin kamun kifin salmon. Abin da ake figewa a zubar a bayan gida a ƙasar Hausa, can a leda ake sayar da shi. Abokin gaba shi ne asu da 'yan ƙwarin da ke cin gashi. Saboda su, sabon abu, musamman wanda maharbi ya kawo, ba ya shiga cikin tsofaffi kai tsaye. Ana wanke shi, a busar, a sa a firiza na kwanaki, a fito da shi ya huce, a sake mayarwa don a kashe abin da ya ƙyanƙyashe a tsakani. Wasu suna ƙara kafur a akwatin. Fata guda mai asu ta isa ta cinye tarin shekaru.

Ba tsadar tebur ba ce ke yin aikin. Megan Boyd, wadda ta rayu daga 1915 zuwa 2001, a wata 'yar rumfa kusa da Brora a arewacin Sikotilan ta yi ta ɗaura ƙwarin salmon har aka ba ta lambar yabo ta daular Birtaniya a 1971, alhali ita kanta ba ta kamun kifi.

In an tashi, akwai sauran aiki kaɗan. A murɗe murfin gam sosai don kada ya daskare, a kankare wanda ya bushe a jikin allura, a sassauta bakin matsi, a mayar da kowane gashi ledarsa a ja zif. A rubuta abin da ya kusa ƙarewa. Sannan a ɗauki maganaɗisu a bi ƙasan tebur da shi, domin ƙugiya mai lamba 18 ba ta ganuwa a kan darduma, kuma a gida akwai yara masu yawo ba takalmi.